Amsoshin Wasiƙunku: Me George Orwell yake nufi da littattafansa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamin tarihi ne a wata makarantar sakandare a Zariya. Kwanan baya na saurari wani shirin fodkas na tarihi inda masu gabatarwa suka tattauna rayuwar marubucin Ingila George Orwell da littattafansa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne sun ce mutumin ɗan gurguzu ne har ya koma ga Mahaliccinsa, alhali mu an koya mana cewa Animal Farm littafi ne da aka rubuta domin a rusa gurguzu. Yaya za a haɗa waɗannan maganganu biyu? Kuma da wane rubutu nasa ya kamata in fara wa ɗalibaina?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Masu shirin ba su yi kuskure ba. Orwell da kansa ya rubuta a shekarar 1946 cewa duk wani muhimmin rubutu da ya yi tun daga 1936, ya yi shi ne domin yaƙi da mulkin kama-karya da kuma goyon bayan gurguzu na dimokuraɗiyya kamar yadda ya fahimce shi. Abin da ya yaƙa shi ne kwaminisanci irin na Stalin, shugaban Tarayyar Sobiyet, kuma yana cikin gidan gurguzu ya yaƙe shi. Dalilin da ya sa wannan yake da wuyar ganewa shi ne yawancinmu mun san littattafansa biyu na ƙarshe ne kawai, wato Animal Farm da 1984, alhali abin da ya haife su yana cikin rubuce-rubucen da suka gabace su.

Sunansa na yanka Eric Arthur Blair, kuma an haife shi a 1903 a garin Motihari na Indiya, inda mahaifinsa yake aiki a sashen gwamnatin mulkin mallaka mai kula da cinikin ofiyom. A Ingila ya tashi, ya yi karatu a Eton, makarantar 'ya'yan manya, amma maimakon ya wuce jami'a kamar abokan karatunsa, sai ya shiga aikin ɗan sandan mulkin mallaka a Bama, ƙasar da ake kira Miyanma a yau, daga 1922 zuwa 1927. Ke nan kafin ya yi rubutu a kan zalunci, shi kansa ya yi shekara biyar yana cikin masu aiwatar da shi, kuma a batun mulkin mallaka ganau ne ba jiyau ba.

Gajerun rubuce-rubuce biyu sun fito daga wannan zama, kuma a ganina sun fi komai bayyana mutumin. A cikin na farko, mai suna A Hanging, wanda ya fito a 1931, ana tafiya da wani fursuna zuwa inda za a rataye shi da sassafe, dogarai riƙe da kafaɗunsa, sai ya ɗan kauce domin kada ya taka wani ɗan tafkin ruwan sama da ke kan hanya. Mai ba da labarin ya ce sai a wannan lokacin ya gane abin da ake nufi da kashe mutum mai rai da lafiya, domin ga wanda 'yan mintuna suka rage masa a duniya amma hankalinsa yana aiki har yana kiyaye ƙafarsa daga jiƙewa. A na biyu, Shooting an Elephant, na 1936, an kira shi ne saboda wata giwa ta kuɓuce ta kashe wani lebura. Da ya iso sai ya tarar ta huce tana cin ciyawa a gonar shinkafa, ya kuma san babu buƙatar kashe ta, amma da ya waiga ya ga taron mutane fiye da dubu biyu suna jiran su ga abin da Bature zai yi, sai ya harbe ta don kawai kada a yi masa dariya. Abin da ya fitar daga nan shi ne cewa Baturen da ya zama azzalumi, 'yancin kansa yake fara rusawa. Littafinsa Burmese Days ya faɗaɗa wannan batu, kuma a Amurka aka fara buga shi a 1934 saboda masu ɗab'i na Landan sun ji tsoron a kai su kotu.

Bayan ya ajiye aikin, ya shiga cikin talakawa da gangan. Ya yi wanke-wanke a otal-otal na Faris, ya kwana a gidajen marasa galihu na Landan, kuma littafin da ya fito daga wannan a 1933 shi ne na farko da ya ɗauki sunan George Orwell. A 1936 ya je arewacin Ingila, ya sauka cikin ramukan haƙar kwal, ya zauna da iyalan da ba su da aikin yi, ya rubuta The Road to Wigan Pier.

Amsar tambayarka ta ainihi tana Sifaniya. A watan Disamba na 1936 ya isa Basalona domin ya yaƙi sojojin Janar Franco a yaƙin basasar ƙasar, ya shiga rundunar wata ƙaramar jam'iyyar gurguzu mai suna POUM, wadda ba ta bin umarnin Mosko. Ya yi watanni a ramukan yaƙi na yankin Aragon cikin sanyi da ƙwarƙwata da tsofaffin bindigogi. A ƙarshen Afrilu na 1937 ya dawo Basalona hutu, a farkon Mayu sai ɓangarorin da ke yaƙar Franco suka fara harbin juna a tituna, daga nan kuma jaridun 'yan kwaminis, a Sifaniya da Ingila, suka shiga yaɗa cewa 'yan POUM 'yan leƙen asirin Franco ne. Ya koma fagen daga, ranar 20 ga Mayu harsashi ya ratsa maƙogwaronsa, ya tsira da ƙyar. Kafin ya gama warkewa an haramta jam'iyyar, an kama shugabanta Andreu Nin an kashe shi a ɓoye, ana ta tsare mutanen da ya yi yaƙi tare da su, har shi da matarsa Eileen suka sulale zuwa Faransa a jirgin ƙasa. Ka duba lamarin da kyau, Malam. Mutum ne da ya zubar da jininsa a kan wata manufa, sannan ya karanta a jaridun ɓangarensa cewa shi maci amana ne, ya kuma ga mutane masu ilimi a Landan sun gaskata ƙaryar ko sun yi shiru saboda faɗin gaskiya zai taimaki abokan gaba. Editan mujallar New Statesman, Kingsley Martin, ya ƙi buga bayaninsa, mai buga littattafansa Victor Gollancz ma ya ƙi karɓar littafin da ya rubuta a kan yaƙin, Homage to Catalonia. Da Homage to Catalonia ya fito a 1938 kwafi 1,500 aka buga, kuma har ya rasu ba a sayar da su duka ba.

Daga wannan rauni Animal Farm ya fito. Ya rubuta shi tsakanin Nuwamba na 1943 da Fabrairu na 1944, lokacin da Tarayyar Sobiyet take ƙawance da Birtaniya wajen yaƙar Hitler, sukar Stalin kuma ta zama abin da ba a so. Gollancz ya ƙi shi, kamfanin Jonathan Cape ya janye bayan wani jami'in Ma'aikatar Watsa Labarai ya ba shi shawara, mawaƙi T. S. Eliot ma ya ƙi shi a madadin kamfanin Faber. Sai ranar 17 ga Agusta na 1945 kamfanin Secker da Warburg ya fitar da shi. Labarin sananne ne. Dabbobi sun kori mai gona, aladu sun karɓi jagoranci, Napoleon wanda ke wakiltar Stalin ya kori Snowball wanda ke wakiltar Trotsky, abokin hamayyar Stalin, dokokin da aka rubuta a bango suna ta sauyawa da daddare, har suka koma doka guda wadda ta ce duk dabbobi daidai suke amma wasu sun fi wasu zama daidai.

Abin lura shi ne littafin bai nuna cewa tawayen kuskure ne ba. Mai gonar mashayi ne mai barin dabbobi da yunwa, kuma tausayin marubucin gaba ɗaya yana tare da Boxer, dokin nan mai ƙwazo da ya yi aiki har ƙarfinsa ya ƙare, sannan aladu suka sayar da shi ga mahauta suka sayi giya da kuɗin. A wata wasiƙa da ya aika wa marubucin Amurka Dwight Macdonald a 1946, Orwell ya ce inda al'amari ya lalace shi ne ranar da aladu suka keɓe wa kansu madara da tuffa, kuma da sauran dabbobin sun ƙi yarda tun a lokacin, da abin bai kai inda ya kai ba. A gabatarwar da ya yi wa fassarar harshen Yukren a 1947 kuwa, ya faɗa ƙarara cewa rusa tatsuniyar Sobiyet wajibi ne idan ana son gurguzu ya farfaɗo.

Fahimtar da aka koya muku tana da nata tarihin. Da Yaƙin Cacar Baka ya yi zafi, gwamnatocin Birtaniya da Amurka sun ga makami a cikin littafin, suka ɗauki nauyin fassara shi zuwa harsuna da dama. Fim ɗin zane da aka yi a 1954, shekara huɗu bayan rasuwarsa, hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA ce ta zuba masa kuɗi a ɓoye, aka kuma sauya ƙarshensa. A littafin, dabbobi suna leƙe ta taga suna kallon aladu da manoma suna caca tare, har suka kasa bambanta alade da mutum, wato sukar ta haɗa da shugabannin jari-hujja. A fim ɗin sai aka rufe da dabbobi suna yi wa aladu sabon tawaye.

Game da ɗalibanka, shawarata ita ce ka fara da labarin giwar, domin gajere ne, kuma yaran da suka ji labarin zamanin Di'o da Razdan daga bakin kakanninsu za su gane shi nan take. Ka biyo da rubutunsa mai suna Marrakech na 1939, wanda ya yi bayan ya je Maroko jinya. A ƙarshensa yana kallon jerin sojoji baƙar fata na Faransa suna wucewa a ƙasa, irin rundunar da ake kira ta Sanagal ko da yake daga ko'ina a Afirka ta Yamma ta Faransa ake ɗibar ta, sai ya ce duk Baturen da ke wurin tambaya ɗaya ce a ransa: har yaushe za a ci gaba da yaudarar waɗannan mutane kafin su juyo da bindigoginsu? Bayan nan sai ka ba su Gandun Dabbobi, fassarar Hausa da Bala Abdullahi Funtuwa ya yi aka buga a 1975, inda mai gonar ya zama Nomau, Napoleon ya zama Maitumbi, Boxer kuma Akawal. Wanda ya karanta su a wannan jeri ba zai ɗauki Orwell a matsayin mai kare masu mulki na kowane ɓangare ba.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗaliba ce a Damagaram. Ina yawan jin ana cewa Orwell ya yi hasashen wayoyin salula da kyamarorin tsaro a littafinsa 1984. Shin annabci ya yi ko kuwa?

Amsa: Malama, gargaɗi ya yi, kuma shi kansa ya faɗi haka. Jim kaɗan bayan littafin ya fito ranar 8 ga Yuni na 1949, ya aika wa wani jami'in ƙungiyar ma'aikatan ƙera motoci ta Amurka bayani cewa bai yi imani lallai irin wannan al'umma za ta zo ba, amma wani abu mai kama da ita zai iya zuwa, kuma littafin ba suka ba ne ga gurguzu ko ga Jam'iyyar Leba ta Birtaniya, wadda yake goyon baya. Ya ƙara da cewa ya sanya labarin a Birtaniya ne domin ya nuna masu magana da Ingilishi ba su fi kowa ba, kama-karya na iya yin nasara a ko'ina idan ba a yaƙe shi ba.

Yawancin kayan da ya gina littafin da su daga zamaninsa ya ɗebo su. Landan ɗin da ke cikinsa, mai rusassun gidaje da abinci na rabo da ƙarancin reza, ita ce Landan ta bayan yaƙi. Ya yi aiki a sashen BBC mai watsa shirye-shirye zuwa Indiya daga 1941 zuwa 1943, don haka ya san yadda ake sarrafa labari a lokacin yaƙi, matarsa kuma ta yi aiki a sashen tace labarai. Raba duniya gida uku tsakanin manyan dauloli ya samo asali ne daga taron Tehran na 1943, inda Stalin da Roosevelt da Churchill suka zauna. Ya kuma karanta littafin marubucin Rasha Yevgeny Zamyatin mai irin wannan jigo, har ya yi sharhi a kansa a 1946.

Gaskiya ne akwai allon nan da ke kowane ɗaki, wanda yake nuna hoto yana kuma kallon mai ɗakin, kuma ba laifi ba ne mutum ya tuna shi idan ya ji labarin yadda ake bibiyar mutane ta waya a yau. Sai dai a nawa karatun, zuciyar littafin tana cikin aikin da jarumin labarin, Winston Smith, yake yi a Ma'aikatar Gaskiya. Kullum ana turo masa tsofaffin jaridu, ya gyara su yadda za su dace da abin da Jam'iyya take faɗa yau, ya jefa na asalin cikin wani rami da ke kai wa ga wuta. Idan an kashe mutum, sai a share sunansa daga kowace takarda kamar ba a taɓa haihuwarsa ba. Wannan shi ne abin da Orwell ya gani a Sifaniya, inda ya ce ya karanta labarin manyan yaƙe-yaƙe a wuraren da ba a yi harbi ko ɗaya ba, ya kuma ga shiru a inda ɗaruruwa suka mutu. Tsoronsa shi ne a kai matsayin da babu wata shaida da mutum zai riƙe ya ƙaryata mai mulki, har a ce masa biyu da biyu biyar ne ya kuma yarda da zuciya ɗaya. Winston bai tsira ba, kuma littafin ya ƙare da shi yana ƙaunar shugaban da ya tsana.

Akwai wani wuri da masu sharhi ba su cika tsayawa a kai ba, alhali ya shafe mu. A cikin littafin, daulolin uku ba sa mamaye ƙasashen juna, suna yaƙi ne a kan wani yanki mai kusurwa huɗu, daga Tanja zuwa Barazabil zuwa Darwin zuwa Hong Kong, domin ma'adinansa da kuma arhar ƙwadagon mutanensa, waɗanda suke sauya iyayen giji ba tare da halinsu ya sauya ba. Idan kika ja wannan layi a taswira za ki ga Damagaram da Kano sun faɗa ciki. Tsohon ɗan sandan Bama ne ya rubuta wannan shafi, kuma ya san abin da yake magana a kai.

Ya kammala littafin a tsibirin Jura na Sikotlan a ƙarshen 1948, tarin fuka yana cinsa, ya buga kwafin ƙarshe da kansa a kan tafireta, sau da yawa yana kan gado. Ya rasu a Landan ranar 21 ga Janairu na 1950 yana da shekara 46.

Tambaya: Ranka ya daɗe, daga Kumasi nake rubutowa. A wani shiri da na saurara an ce Orwell ya miƙa wa gwamnati sunayen mutane. Idan haka ne, ina bambancinsa da masu tsegumin da ya soka?

Amsa: Maganar gaskiya ce. A 1949, yana kwance a wani asibitin masu tarin fuka a Cranham, wata abokiyarsa mai suna Celia Kirwan ta ziyarce shi. Tana aiki ne a wani sashe na Ma'aikatar Harkokin Waje da gwamnatin Leba ta kafa a 1948 domin mayar da martani ga farfagandar Sobiyet. Orwell ya ba ta sunaye 38 na marubuta da 'yan jarida da 'yan wasa waɗanda yake ganin suna karkata ga Mosko, don haka bai kamata a ba su aikin rubuta wa sashen ba. A cikinsu akwai Charlie Chaplin da masanin tarihi E. H. Carr da marubuci J. B. Priestley. Jama'a ba su ga cikakken jerin ba sai a 2003.

Masu kare shi suna cewa ba jerin kamawa ba ne, jeri ne na waɗanda ba za a ɗauka wani aiki na musamman ba, kuma ɗaya daga cikinsu, Peter Smollett, daga baya an tabbatar ɗan leƙen asirin Sobiyet ne, shi ne ma ake kyautata zaton ya ba Cape shawarar ƙin Animal Farm. Wannan hujja tana da nauyi, amma ba ta gamsar da ni gaba ɗaya ba. Ya ɗebo sunayen ne daga wani littafin aljihu da ya daɗe yana cikawa, wanda a cikinsa yakan rubuta cewa wane Bayahude ne, ya kuma ce mawaƙin nan baƙar fata Paul Robeson yana ƙin farar fata ƙwarai. Daga cikin waɗanda ya rubuta har da George Padmore, ɗan gwagwarmayar 'yancin Afirka wanda ya riga ya rabu da 'yan kwaminis tun shekarun 1930, wanda kuma daga baya ya zama mai ba Kwame Nkrumah shawara a ƙasarku. Mutumin da aka taɓa yi wa tambarin maci amana a Basalona ba tare da hujja ba, ya fi kowa sanin illar rubuta sunan mutum bisa zato a miƙa wa hukuma a asirce, kuma rashin lafiyarsa da tsoron Stalin, ko da yake na gaske ne, ba su wanke shi daga wannan ba. Idan ana koyar da littattafansa, ya kamata a gaya wa ɗalibai wannan labari tare da na Sifaniya, a bar su su auna.